Ranar da Kaka Ta Kira Sunan Baba

Duk sanda na ji ƙamshin man shanu ana soya shi da albasa, gidanmu na Zaitawa nake tunawa, da ɗakin kakata ta wajen uba. Bafulatana ce mai kunyar tsiya. Babana ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa. In ya shigo gaishe ta, bango take amsa wa. "Wancan" take ce masa, mu jikoki mu yi ta ƙunshe dariya.

Da damina abin ya fara. Ta sa carbinta a kwanon miya, ta idar da la'asar ta sake tayarwa. Aka ce tsufa ne. Sai wata rana da hantsi, tsakar gida cike da mutane, ta ɗaga murya ta ƙwala wa Baba kira da sunansa na yanka.

Kafin azahar Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Jakara, ta iso mayafi a hannu. Ta ce, "Tsufa ba ya cire kunya. Hannu aka sa mata." Ba ta kama sunan kowa ba. Amma kowa ya san Ummata ce ke dafa wa Kaka abinci.

Daga nan Gwaggo ta tare a gidanmu. Ta shinshina tuwo, ta ɗaga tabarma, ta sa aka tona bakin ƙofa. Ba a samu komai ba, ita kuwa a wajenta hakan ya nuna mai aikin gwana ce. Kaka ma ta ƙara dagula lamarin. Umma ce ke mata wanka da wanki, amma sai ta ƙura mata ido ta ce, "Wace ce wannan? Me take nema a ɗakina?" Umma ta koma cin lomar farko a gaban kowa kafin ta miƙa kwano. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take.

Wata Juma'a dangi suka taru, suka ce Umma ta tafi gidansu har sai Kaka ta warke. Ka san irin wannan tafiyar, ba a cika dawowa ba. Ta riga ta ɗaure kayanta. Baba na zaune, sai Kaka ta kira sunansa daga ɗaki, ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Ya amsa, "Na ci, Inna." Sannan ya dubi dangi ya ce, "Ba inda matata za ta. Tun da na zo duniya uwata ba ta taɓa tambayata haka ba. Ko ma wa ya yi, ku bar min uwata a haka."

Umma ta zauna, amma Gwaggo har ta koma ga Allah ba ta sake cin girkinta ba.

Yanzu aikin jinya nake, na san ciwon mantuwa ne da ke cin ƙwaƙwalwar wasu tsofaffi, ya tafi da fuskoki, ya tafi da kunya. Ina yi wa dangi bayani, su gyaɗa kai, sannan wani ya matso ya rage murya: "Amma Sista, ba kya ganin da hannu?" Sai in duba bayansu. Yawanci akwai wata mace tsaye da kwanon abinci, kanta a sunkuye. Ita nake fara ba kujera.