Ciyawar Rami na Tara

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da alli a lakwal, wato makarantar boko, kafin na zama sakataren kulob ɗin golf da ke bayan garin Yamai. Ba son wasan ne ya kai ni ba. An ce ana neman wanda ya iya Faransanci, ya iya buga takarda da mashin, kuma ba ya yawan tambaya. Biyun farko na zo da su, na ukun kuwa mulkin soja ya riga ya koya wa kowa.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba: manyan mutane ne, masu tumbi da muƙami, suke bin wata ƴar farar ƙwallo kamar ƙwan zabo, suna dukan ta da sanda mai kan ƙarfe har ta faɗa rami. Ramukanmu tara ne. A ƙasashen da suka ƙago abin, an ce ciyawa ce luf a kewayen kowane rami. Mu da ke kan tudun marmara sai muka yi dabararmu: a tankaɗe rairayi, a kwaɓa shi da baƙin man da aka juye daga injin mota, a shimfiɗa, a ja buhu a kai ya kwanta. Kowane mamba kuma yana yawo da guntun ciyawar roba, faɗinsa bai wuce faifai ba, ya aza ƙwallo a kai kafin ya buga. Sai ka ga mutum da digirinsa yana tafe da makiyayarsa a hammata.

Mai kula da rairayin wani tsoho ne daga ƙasar Adar, kowa Baba yake ce masa, har Turawan da ke kulob ɗin. Man ya rine hannuwansa har sabulu ya haƙura. Ni kuma ɗan lakwal yake kira na, ko a gaban wa. Shi ya haƙa rijiyar da ke cikin kwari a bayan rami na bakwai, shekaru da yawa kafin zuwana, ya ɗaure bakinta da cikinta da duwatsu, don ya samu na sha da na alwala. Ba ta da zurfi, ba ta kuma da gaggawa. Ruwanta tsattsafowa yake yi daga cikin yashi.

Shekarar da fari ya dawo, mutanen arewa suka gangaro da abin da ya rage musu na dabbobi, wasu iyalai suka kafa bukkokin tabarma a gefen kwarin. Rijiyar Baba ce kaɗai ruwansu, kogi yana da nisan da mai yunwa ba zai kai ya dawo da tulu ba. Baba ya tsara musu ba tare da ya nemi izinin kowa ba: a ja ruwa daga asuba zuwa hantsi, a rufe ta da katako ta huta, a sake buɗewa da la'asar. Haka ta riƙe su wata da watanni.

Kwamitin kulob ma bai yi barci a kan masifar ba. An yi zama na musamman, aka shafe awa biyu ana gardama a kan hukuncin ƙwallon da ta faɗa cikin mushen saniya. Aka tsayar cewa a ɗauke ta a ajiye tsawon sanda biyu daga wurin, ba tare da an ci mai ita tara ba. Ni na buga dokar, ni na liƙa ta a allo.

A shekarar ne wani kumandan ya zama shugabanmu. Ba a zaɓe shi ba, ba a kuma ƙi zaɓensa ba. Ya zo taro ne da direba mai bindiga, sai kowa ya tuna cewa dama shi ya fi dacewa. Ya yi horo a ƙasar waje, ya taka ciyawar gaske, tun daga nan warin baƙin mai yake tayar masa da zuciya. Ya ce rami na tara, wanda ke gaban barandar da ake shan sanyi, dole ya zama kore.

A cikin kabad akwai wata takarda da sakataren da na gada yake aikawa kowace shekara zuwa wani ofishi, yana roƙon injin jan ruwa "don jin daɗin mambobi". Ba a taɓa ba shi amsa ba. Kumandan ya jefo mini ita a kan tebur.

"Sakatare, an ce alƙalaminka ya fi bindigata kaifi. To, mu gani."

Da na kwafe tsohuwar takardar na miƙa masa, da shi ke nan. Amma shekara goma sha ɗaya ina gyara rubutun ƴaƴan mutane da jan alƙalami, sai ga ranar da aka ce in nuna nawa. A lokacin babu abin da rediyo ke faɗa safe da yamma sai yaƙi da hamada. Na ɗauki wannan rigar na sa wa ciyawar Kumandan. Na kira rami na tara filin gwaji. Na ce za a nuna wa duniya cewa tudun marmara ma yana iya yin kore in da himma. Kalmar golf sau ɗaya ta fito, can ƙasa, kamar tari. Takardar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Har gida, unguwar Talladje, na kai kwafinta na karanta wa matata, ita kuma tana tsince shinkafa ba ta ko ɗago kai ba.

Kafin wata ya cika sai ga kamyo, babbar motar kaya, da injin sabo fil, cikin akwatinsa. Rubutun da ke jikin akwatin ya nuna irin waɗanda aka kawo ne don masu noman rani. Wani ƙauye da ban san sunansa ba ya rasa nasa saboda na iya jera kalmomi.

Baba ya zagaya injin sau biyu, ya duba kaurin tiyon, sannan ya zo biro, wato ofishina, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗan lakwal, kai ka roƙo wannan jakin ƙarfe?"

"Shugaba ne ya sa ni, Baba."

"Shugaba shi ka riƙe maka hannu? Ji nan. Rijiya saniya ce. Ana tatsa, a bar ma maraƙi. In anka tsotse ta har ƙasa, yashi za ta biyo da shi, duwatsun su rasa mazauni. Ni na ɗaure ta, na san abin da ta iya ɗauka."

"Zan gaya masa."

"Gaya mishi da irin bakin da ka yi takardar, ba da wanda kake gaishe shi ba."

Na gaya masa, da bakin gaisuwa. Na same shi a baranda tare da wani Alhaji ɗan Maradi, babban ɗan kasuwa da ya shiga kulob don ya riƙa faɗuwa wasa a hannun waɗanda suka dace. Na ce, ranka ya daɗe, tsohon yana ganin kamar rijiyar ba za ta jure ba, ga kuma mutanen kwari.

"Tsohon injiniya ne?" in ji Kumandan.

Alhaji ya yi dariya. "Malam, kai fa ka rubuta cewa hamada ake yaƙa. Yanzu kuma ka koma ɓangarenta?"

"Ba wanda ya hana su ruwa," Kumandan ya ce. "In ciyawa ta sha, su sha."

Wannan jimlar ta fi shekara arba'in a kunnena. A natse ya faɗe ta, yana goge kan sandarsa da hankici, ya kuma ɗauka adalci ya yi.

Aka sayo waya a kasuwar Katako aka kewaye rijiyar, aka sa kwaɗo. Wani Bature ya kawo irin ciyawa daga ƙasarsu cikin gwangwani. Aka kwashe baƙin rairayin rami na tara, aka zuba ƙasar bakin kogi da taki. Kullum da safe injin zai yi ruri, cikin ɗan lokaci ya zuƙe abin da rijiyar ta tara tun jiya, sannan a buɗe wa mutane ƙofa. Abin da guga ke fitowa da shi kunun laka ne. Na ga mata suna tace shi da gefen zane a cikin ƙwarya, ga tiyo ya bi ta gabansu ya hau tudu, jikinsa yana naso. Na gani daga kan ɗan babur ɗina mobilet, na kuma wuce biro, domin akwai jerin sunayen masu gasa da ke jiran bugawa.

Ciyawar ta fito. Faɗinta bai kai tsakar gidan talaka ba, amma kore shar, a ƙasar da akuya ke cin kwali. Ranar Lahadin da aka buɗe ta, manya suka tuɓe takalma suka taka, suna lumshe ido. Da aka fara wasa kuma sai ƙorafi ya tashi: ƙwallo tana gudu fiye da yadda suka saba, kowa yana wuce rami. Alhaji ya ce shi dai rairayin ya fi masa.

Bayan mako uku, da hantsi, injin ya yi tari ya tofar da yashi, ya mutu. Kafin a je, gefe ɗaya na rijiyar ya zauna, duwatsun Baba sun rufta ciki. Kwana uku Baba yana shiga da igiya a ƙugu, mazan kwari suna jan guga cike da yashi, abin da suka kwashe da safe ya dawo da yamma. A rana ta huɗu ya fito, ya kwance igiyar, ya naɗe ta. Washegari bukkokin suka fara sauka. Wasu sun nufi kogi, wasu cikin gari, da tsofaffi a kan jakunan da su ma ɗauka suke bukata. Ban san inda suka ƙare ba, ban kuma bi sawu ba, kada in yi wa kaina ƙaryar cewa na bi.

Ciyawar ta yi kwana shida ta zama ƙaiƙayi. Kumandan ya kira ni.

"Rubuta a riƙa kawo mana ruwa da mota daga kogi. Irin waccan takardar nake so."

Na buɗe kabad, na zaro ta wanda na gada, na canza injin da mota, na bar sauran yadda yake: don jin daɗin mambobi. Ya sa hannu bai karanta ba. Amsa ba ta taɓa zuwa ba. Kada wani ya kira wannan jarunta, rijiyar ta riga ta mutu, kuma ko a nan ɓuya na yi a bayan rubutun wani.

Aka umarci Baba ya mayar da rami na tara yadda yake. Na same shi durƙushe yana kwaɓa rairayi da baƙin mai, ga bidon ruwa, jarkar da yake ɗaukowa yanzu daga gari a kan kekensa. Na yi masa sannu da aiki.

"Yawwa, Sakatare," ya ce, bai ɗago ba.

Mun ƙara shekara huɗu tare a kulob ɗin. Bai sake kira na ɗan lakwal ba.