Almakashi a Wuya

Yayata tela ce, amma ba ta taɓa yanke zare da haƙori kamar sauran teloli ba. Haƙoranta na gaba ba sa haɗuwa, shi ya sa kullum ɗan almakashi ke rataye a wuyanta.

Tana ƙarama ciwon gaɓoɓi ya kama ta. Gwiwoyi suka kumbura, kowa ya zuba wa ƙafafu ido. In ta daɗe a gaban kwano sai Inna ta daka mata tsawa: "Ke, ci ki tashi mana!" Ashe tauna ce ke yi mata zafi. Sai da ta girma likita ya ce ciwon ya ci mahaɗar muƙamuƙinta, inda ƙashin ke tsiro. Fuska ta yi girma, haɓa ta tsaya. 'Yan ajinsu suka sa mata Ɓera, har gobe ban yafe musu ba.

A bangon shagonta akwai hotonta kafin ciwon, tana dariya baki buɗe. Jiya wata mai kawo ɗinki ta ce, "Kai, kyakkyawa! 'Yarki ce?"

Yaya ta datse zare, ba ta ɗago ba.

"A'a. Wata yarinya ce da ban ga girmanta ba."