Ranar da na shiga ruwa da ƙarfe a baki

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, ni ne mutum na farko da aka ga ƙarfe a bakinsa a unguwarmu ta Dakoro. Haƙorana na sama ne suka yi gaba suka bar ƴan'uwansu, har ba na iya rufe leɓe sai na yi niyya. Kawuna da ke aiki a Yamai ya gaji da ganina a haka, ya kai ni wurin likitan haƙori. Aka liƙa wa kowane haƙori ɗan ƙarfe, aka zarga siririyar waya ta cikinsu. Likita ya ce sunan abin aparai. Ƴan unguwarmu ba su wahalar da harshensu ba, suka sa mini Bakin Ƙarfe, kuma har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba.

Ni kuwa ɗan ruwa ne. A karatu ban taɓa tayar wa kowa hankali ba, amma idan damina ta cika tabki, a nan nake da baki. Shi ya sa tambaya ɗaya na yi wa likita kafin in bar Yamai: zan iya iyo da wannan abin? Ya yi dariya ya ce ruwa ba ya yi wa ƙarfen komai, ba irin mai tsatsa ba ne. Abin gudu shi ne duka da cizo. Kada in faɗa ruwa da fuska, kada in yi kokawa a ciki, kada kuma in ciji abu mai tauri ko in ja wani abu da haƙori, don ƙarfen zai ɓalle, wayar ta yaga mini kumatu. Idan na fito in kurkure baki da ruwa mai tsabta, in goge.

Na dawo gida na kwashe duka na faɗa wa mahaifiyata. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ƙarhe da ruwa? Bokiti nawa ruwa ya cinye mini a gidan ga? Likita shina Yamai, ni ce nan. Ba ka shiga ruwa sai ran da aka hidda maka shi." Haka na yi rabin daminar nan a bakin tabki, ina gadin riguna da takalman abokaina. Ni da nake koya musu nutso, na koma mai gadi.

A lokacin mahaifiyata tana riƙe da wata jar karsana ta habbanaye. Aminiyarta ce, wata Bafillatana ta wajen Birnin Lalle, ta ba ta aro kamar yadda suke yi: ka riƙe dabba har ta haihu, ka ɗauki ɗan, ka mayar da uwar ga mai ita. Ba takarda, ba shaida, yarda ce kawai. Mahaifiyata ta fi kula da karsanar nan fiye da mu ƴaƴanta, ban kuma faɗa don ƙorafi ba.

Gonarmu tana hanyar Korahane, a gefen wani kwari. Da damina ba a sakin dabba don kada ta shiga gonar mutane, sai a kai ta wani ɗan tudu mai ciyawa a tsakiyar kwarin a ɗaure a turke. Kowa haka yake yi. Ranar mun zo noma da ni da mahaifiyata da wani abokina, aka ɗaure karsana tun da hantsi. Ko ɗigo bai sauka a kanmu ba, ashe can arewa sama ta kwana tana zuba. Wajen azahar muka ji ƙugi, kafin mu ajiye hauya mu iso, jan ruwa ya cika kwarin. Tudun ya koma tsibiri, karsana tana tsaye ruwa ya kai mata gwiwa, tana jan turke tana kuka. Da a sake take da ta yi iyo ta fito da kanta. Igiyar turken ce za ta kashe ta.

Manoman gefe suka taru, aka ƙulla igiyoyin rijiya suka zama doguwa ɗaya. Dabarar a bayyane take: wani ya kai bakin igiyar can, ya ɗaura wa karsana, ya yanke ta turken, mutane su jawo. A wajenmu kuwa hanya ɗaya aka sani ta kai igiya cikin ruwa, wato a cije ta da haƙori, hannuwa biyu su yi iyo. Haka makiyaya suke yi, haka muka taso muka gani, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Abokina ya tuɓe riga, ya ciji igiya ya faɗa. Ya yi nisa sosai, sai jiƙaƙƙiyar igiyar ta yi nauyi, ruwa ya ja ta gefe, ta sarƙe a wata magarya da ta nutse. Muna gani kansa ya fizgu baya. Da kyar ya dawo gaɓa, baki duk jini, haƙorinsa na gaba yana lilo, aka kaɗa igiyar aka jawo ta. A lokacin ruwa ya taɓa cikin karsana.

Mahaifiyata ta zauna daɓas a cikin laka, ta ɗora hannu a ka. Ba kuka take yi ba, magana take yi da kanta. "Da wane ido zan dube ta? Amana ta ba ni, ba kyauta ba." Ban taɓa ganin ta haka ba, kuma abin ya soke ni.

Na fara cire riga. Ta yi wuf ta riƙe mini hannu.

"Ina za ka da bakin ga naka?"

"Inna, ruwa ba ya cin shi. Igiya ce ke ɓalle shi, ni kuwa ba zan cije ta ba."

"To da mi za ka riƙe ta, da kunne?"

Sai a lokacin idona ya faɗa kan bidon da muka zo da ruwan sha, babbar jarkar nan mai ruwan ɗorawa. Na juye ruwan a buta da ƙwarya, na murɗe murfin da ƙarfi, na ɗaure igiyar a hannun bidon, na soke wuƙa a ƙullin. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Yaro, igiya a baki ake riƙonta, tun kakanni." Na ce, "Baba, kakanni ba su da waya a baki." Mahaifiyata ta dube ni, ta dubi karsana, sai na ji yatsunta sun saki.

Na taka sama da tudun kaɗan don ruwa ya gangaro da ni. Ban yi tsalle ba, a hankali na shiga, na rungume bido a ƙirji, haɓa a sama, leɓe a rufe, ƙafafu suna aiki. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Ruwan da sanyi, ga itatuwa da kashin awaki suna wucewa ta gefen fuskata. Da na kai wajen magaryar, igiya ta sake sarƙewa, amma wannan karon bidon ne ya fizgu, ba wuyana ba. Na tsaya a kansa ina shawagi, na ɗaga hannu, mutanen gaɓa suka kaɗa igiyar har ta fita.

Na iske karsana ruwa ya kai mata wuya, idanu a waje, tana wurgi da ƙaho ko ta ina. Nan ne maganar likita ta duka ta dawo mini. Ƙaho ɗaya a baki ya isa ya ɗinke mini leɓe da waya. Sai na zagaya ta bayan kafaɗarta, na kawar da fuska, ina yi mata irin kiran da mahaifiyata take yi mata idan ta kawo dusa. Ta ɗan lafa. Na kwance igiyar daga bido na zarga mata a gindin ƙahoni, na laluba ƙasa na yanke ta turken, na buɗe bakin ƙarfen nan nawa na kwarma ihu, "Ku ja!"

Suka ja. Hannu ɗaya a bido, ɗaya a wutsiyarta, haka muka ratso ruwan. Da kofatonta suka taɓa ƙasa ta miƙe ta girgije jiki, matan da ke gaɓa suka ɗauki guɗa, dattijon nan yana ta faɗin, "Kai, Bakin Ƙarhe! Kai, Bakin Ƙarhe!" Ranar ce kaɗai sunan ya yi mini daɗi.

Na tsaya ina jiran mahaifiyata ta rungume ni. Ta wuce ni ta tafi wurin karsana, ta shafa ta tun daga kai har wutsiya. Sai da ta tabbatar ba rauni, sannan ta juyo ta kama haɓata. "Buɗe in gani." Na buɗe. Ta miƙo buta na kurkure har sai da laka ta daina fita, ta bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya da ido, ba ƙarfen da ya motsa. Abokina yana gefe da tsumma a baki ya ce, "Inna, ni da ba ni da ƙarhe ni na yi asara." Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. Washegari da na ɗauki hanyar tabki ba ta hana ni ba, sai buta da ta cika ta miƙo mini.

Idan na tuna yanzu, abin da ke ba ni mamaki shi ne, da bakina lafiya lau yake, da igiyar nan zan ciza kamar kowa, in dawo da jini kamar abokina. Abin da ya hana ni yin yadda aka saba shi ya tilasta mini duba gefe. An cire ƙarfen tuni, haƙora sun jeru, amma ba su nake alfahari da su ba.

Bayan karsanar ta haihu an yaye maraƙin, ni na ja ta har rugar aminiyar mahaifiyata. Mahaifiyata tana gaba da sabon zane, tana tafiya kamar mai zuwa biki. Ta karɓi igiyar daga hannuna ta danƙa wa matar, ta dube ta ido cikin ido, ta ce, "Ga amanarki, aminiya. Ko gashi ɗaya bai ɓata ba."