Gwaggo Ramatu Mai Laka

Ina unguwar Gurugu ranar Alhamis da hantsi, ina ɗaure buhunan siminti a bayan motokin ɗina, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, sai ga kiran Fuseina, 'yar Gwaggo Ramatu. Fuseina ba ta kiran mutum don gaisuwa kawai. Ban gama sallama ba ta ce, "Mumuni, Mma ta cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, bakina ne ya faɗa, zuciyata ba ta iso wurin ba tukuna. Mai simintin yana ta kwatanta mini gidan da zan kai, na kwance igiyar, na sauke masa kayansa inda na ɗauke su, na kama hanyar Kaladan, unguwar Gwaggo.

Gwaggo Ramatu yayar mahaifina ce. Wanda bai san ta ba zai ji an ce Dokta ta rasu ya ɗauka mai allura ce. Ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Tun tana budurwa ta bar Tamale ta tafi kudu karatu, ta ƙare aikinta ya zama binciken laka a wuraren da koguna ke zubawa cikin teku. Dangi sun so a ce tana zaune a ofis mai sanyi, sai ta riƙa aiko da hotunanta tana tsaye cikin taɓo har cinya, da takalmin roba, da bututu a kafaɗa, mayafinta a ɗaure tamau. Daga nan aka sa mata Hajiya Mai Laka. Da ba'a aka sa mata, ita kuwa ta riƙa amsawa kamar an naɗa mata sarauta, har masu ba'ar suka gaji.

Ni makaranta ta ƙare mini da rasuwar mahaifina. Abin da na sani na karatu, tsintarsa na yi, daga jaridar da aka naɗe ƙosai a ciki har littattafan da ake zubewa a ƙasa a bakin kasuwa. Da Gwaggo ta ajiye aiki ta dawo gida, ba ta yi mini kallon tausayi ba, kuma da ta yi da na daina zuwa gidanta. Ta nuna mini ɗakin littattafanta ta ce in ɗauki wanda na ga dama, amma duk wanda na dawo da shi sai na faɗa mata inda marubucin ya yi ƙarya. Idan na ce ban ga ƙarya ba, sai ta ce to ban karanta ba, kallo na yi.

Wata rana na tambaye ta, da irin bakin nan nawa, me mutum zai tsinta a cikin taɓo da har zai ba shi ƙuruciyarsa. Ba ta yi fushi ba. Ta sa Fuseina ta kawo kofi biyu na gilashi, ta dama jar ƙasa da ruwa ta zuba a kowanne, ta barbaɗa gishiri a ɗaya, ta ce in zuba ido. Muna hira, mai gishirin ya fara washewa, lakar ta dunƙule ta kwanta a ƙasa, ɗayan yana nan jajir. Ta ce abin da ke faruwa a bakin teku ke nan. Kogi yakan ɗauko laka tun daga nesa, da duk abin da mutane suka zuba masa, zaibar 'yan galamse masu haƙar zinariya da dalma da sauran ƙarafa, kuma ƙarfen a jikin laka mai laushi yake manne. Da ruwan daɗi ya haɗu da ruwan gishiri sai lakar ta zauna, ƙarfen ya zauna da ita. Ruwan ya wuce fes, mutum ya gani ya ce lafiya. Shi ya sa masu irin aikinta suke kafa bututu su zaro lakar, ta ƙasa ta zamanin kakanni ce, ta sama tamu ce, ana ganin inda ɓarna ta fara. Ta ce, "Ruwa baƙo ne, Mumuni. Laka ce 'yar gida, ita za ka tambaya."

Mu nan ba mu da teku, amma muna da dam a bayan unguwarmu Gumani, wanda masu lambu ke ban-ruwa da shi, Fulani ke shayar da shanu. Mahaifiyata tana da lambu a wurin, ayoyo da alefu da latas, da shi ta ciyar da mu. Duk bayan 'yan shekaru, idan rani ya tsananta dam ya ƙafe, ana yin gayyar yasa. Kowane gida ya ba da mutum, a kwashe lakar da ta cike dam ɗin, a raba ta kaso-kaso a kai lambuna, don babu takin da ya kai ta. Lakar da ta fi baƙi da laushi, ta wajen da gota, wato kwata, ke shigowa daga gari, ita ce ta girmamawa. Tsofaffi ake ba wa, da matan da suka rasa mazajensu. Kuma ba a mayar da kaso. Wanda ya mayar kamar ya ce ya fita daga cikin jama'a ne.

Gwaggo ta je gaida mahaifiyata a lambu, ta bi gotar nan da ƙafa ta ga daga ina take fitowa. Ta tarar da 'yan gwangwan suna fasa tsofaffin batura, suna tsiyaye ruwan a gota, suna narka dalmar a kan wuta. Ba ta yi musu faɗa ba, ta gaishe su, ta tambayi sunayensu, ta ce da ƙaramin cikinsu ya wanke hannu kafin ya ci wake da shinkafarsa. Washegari ta fito da tsohon takalminta na roba. Mace mai jikoki, mai ciwon gwiwa, ta shiga dam ɗin nan ta kafa bututu nan da can, ta aika lakar kudu wurin wani tsohon ɗalibinta. Da sakamakon ya dawo ta yini ba ta ci abinci ba. Can ƙarshen dam da sauƙi. Bakin gota kuwa, kason tsofaffi da iyayen marayu, dalma ce jibge.

Ta kai maganar wani ofishi, ba zan kira sunansa ba. Aka ba ta kujera da ruwan sanyi, aka kira ta Dokta sau ba adadi, aka ce ta dawo. Ta koma, aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Ban san wane irin taro ne ba a gama shi. Da ta ga haka sai ta nufi masu lambun kansu.

Shugabansu Baba Seidu ne, dattijo Badagombe, wanda suka haƙa dam ɗin nan da kakana. Ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Aka zauna a ƙarƙashin mangwaro. Gwaggo ta durƙusa ta gaishe shi da Dagbanci duk da gwiwarta, sannan ta yi bayani. Ba ta ce kada a yashe dam ba. Ta ce muddin lakar tana kwance a jiƙe, iska ba ta taɓa ta, dalmar a ɗaure take. Idan aka tono ta aka shanya a rana, iska ta shige ta, ruwa ya sauka, sai dalmar ta kwance, ganye ya sha, ƙurar kuma yara su shaƙa. Dalma ba ta kashe mutum nan take, kan yaro take taɓawa, ya tashi ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Roƙonta ɗaya, a ware ta bakin gota, a haƙa rami nesa da ruwa a binne, a rufe da marmara.

Baba Seidu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce da irin Hausarsa, "Hajiya, lakan nan ubana ya noma da shi, ya mutu haƙoransa duka suna nan." Aka yi dariya. Ta ce Allah ya ji ƙan baba, amma a zamaninsa babu batir. Wani daga baya ya ce wanda ya sha ruwan teku dama yakan raina na dam. Na buɗe baki, kuma abin da ya zo mini ba na faɗa a gaban manya ba ne, sai na ji ƙafar Gwaggo a kan tawa, ta danne da ƙarfin da ban san tana da shi ba. A hanya tana zaune a bayan motokin ta ce, "Idan ka haɗa gaskiya da zagi a kwano ɗaya, zagin za su ci su bar maka gaskiyarka." Daga ranar ta riƙa bin lambunan ɗaya bayan ɗaya, tana zama da mata, tana taya su tsinkar ayoyo, tana maimaita magana guda ba ta ɗaga murya. Rani bai kai ga ƙafar da dam ba ajali ya riske ta.

Likita ya ce zuciya ce. Na ji masu cewa lakar da ta yi rayuwarta a ciki ce ta ci ta. Ban sani ba, kuma da tana nan za ta ce wanda ya faɗa ya kawo gwaji.

Ranar addu'ar bakwai Baba Seidu ya zo da masu lambu, idonsa ya yi ja, ya yi kuka na gaske. Bayan an shafa fatiha ya miƙe ya ce sun yi shawara. Sun saɓa da Hajiya, kuma ba sa so ta kwanta da saɓanin nan. Saboda haka a yasar bana, kaso na farko, mafi baƙi, na bakin gota, an ba gidansu don girmama ta, a kai lambun matar ƙaninta, wato mahaifiyata. Mutane suka yi ta cewa madalla. Ni kuwa ina zaune ina cewa a raina: Matar da ta ƙare ƙarfinta tana roƙonku ku binne abin nan, shi kuka ga ya dace ku saka mata da shi, a zuba a kan ganyen da jikokinta za su ci. Babu mai taka mini ƙafa a ranar, na dai cije. Mahaifiyata daga cikin mata ta aiko aka ce ta gode, ta karɓa.

A gida na ce mata motokin ɗina ba zai ɗauki lakar nan ba ko za a kore mu daga Gumani. Ta ce in rage murya, maƙwabta ba su yi mini laifi ba. Ta ce, "Kai za ka ɗauka. Kyauta ba a mayar da ita, amma in ta shigo hannuna tawa ce." Ta sa na haƙa rami a kan tudu, can bayan lambuna inda ruwa ba ya kwanciya.

Ranar gayya na yi lodi a gaban kowa, na wuce lambunmu ban tsaya ba, mahaifiyata tana biye da ƙafa. Na juye a ramin, ita da hannunta ta fara tura marmara. Baba Seidu ya biyo mu ya tsaya a kai. Ta ce masa ta karɓi girmamawar, kuma ta kai ta inda mai ita ta ce a kai. Ya daɗe yana kallon ramin, ya juya ya tafi, har yau kuma gaisuwarsa gare mu a taƙaice take. Mata biyu daga cikin masu kason bakin gota suka ce in kai nasu can ma. Sauran aka kai musu lambu. Na wuce ta wurin shekaranjiya, latas ɗinsu ya yi kore shar, ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, kuma shi 'yan kasuwa ke rububi. 'Yan gwangwan suna nan suna fasa batir. Ina rubuta wannan ne don wanda ya zo ta'aziyya ya ce Hajiya mutuniyar kirki ce ya san abin da ta roƙa, ya san kuma ba a yi mata shi ba sai kaɗan.

Allah ya ji ƙan Gwaggo Ramatu, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata kabarinta, ya karɓi wahalar da ta sha a matsayin sadaka mai gudana. Allah ya ba Fuseina da 'ya'yanta haƙuri, ya tsaya musu. Ya ƙara wa mahaifiyata lafiya, ya sa albarka a lambunta ko da ganyensa bai kai na wasu ba. Baba Seidu ma, Allah ya ba shi tsawon ran da zai canja shawara da bakinsa. Yaran da za su ci miyar bana kuwa, waɗanda ba a tambaye su ba, ya Allah ka tsare musu kawunansu. Amin.