Kwanon Kirsimeti Ya Hau Bene

A garinmu, can kudancin Kaduna, Kirsimeti ba ta cika sai ƙafar yaro ta yi ciwo. Tun hantsi uwarmu za ta jera kwanuka a kan tabarma, shinkafa da miya da yankan nama biyu a sama, ta ce wannan na gidan liman ne, wannan na mai shago, wannan na tsohuwar bayan masallaci. Akuyar ma maƙwabci Musulmi ake kira ya yanka, don kada wani ya ce ba zai ci ba. Mu kuwa muna ɗoki, don mun san kwano ba ya dawowa wayam.

Da aikin jinya ya kai ni Jidda, ni na tafi da wannan al'ada, maigidana kuma ya tafi da tsoro. Mutumin kirki ne, amma ko iska ce ta taɓa ƙofa sai ya shafa aljihu ya ji iƙamarsa, wato katin izinin zama, tana nan. Muka kama gida a unguwar Safa, hawa na biyu, da yaranmu biyu, mace da namiji. Shekara uku muna Kirsimeti kamar ɓarayin kaza: labule a sake, waƙa ƙasa-ƙasa. Bishiyarmu wata shukar roba ce da ke falo duk shekara, in Disamba ta zo mu rataya mata takardun alewa. Ya koya wa yara cewa in an tambaya su ce ranar haihuwa ake yi, yana ta jaddada mini cewa ai ba ƙarya ya koya musu ba.

A shekara ta huɗu, ina soya albasa, 'yata mai shekara shida ta ja mini zane.

"Mama, Kirsimeti aibu ne? Me ya sa muke ɓoyewa?"

Maganar nan ta yi mini ciwo ƙwarai. Ranar da na fi so a duniya, 'yata ta ɗauke ta abin kunya. Na kashe wuta na je na sami ubansu.

A samanmu akwai Hajiya, tsohuwa Bahaushiyar Sudan, wadda yarana ke kira Habboba, wato kaka. Kowace Sallah sai ta aiko mana da nama, mu cinye mu suɗe hannu, ba mu taɓa mayar da biki ba. Na ce bana kwanona zai hau bene.

"Ke, in kafili ya ji fa?" in ji maigida, yana nufin Balaraben da ya tsaya mana muke zaune a ƙasar.

"Kafili a tukunyata yake kwana?"

Da ya ga ba zan sauko ba, sai ya koma wata damuwar: wa zai yanka kazar? Ya ɗauki waya yana neman abokin aikinsa Musulmi. A Jidda fa, inda ko kazar firji da bisimilla aka yanka ta! Na bar shi ya gama wahalarsa, don na gane shi ma gida yake tunawa.

Na zuba shinkafa a kwanona mai murfi, wanda uwata ta ba ni. Maigida ya tsayar da yara ya yi musu bita sau uku: ku yi sallama, ku ce Mama ta ce a kawo, ku juyo. Suka gyaɗa kai. Ko matakala biyu ba su taka ba, ƙaramin, ɗan shekara huɗu, ya buɗe maƙogwaro yadda duk ginin zai ji:

"Habboba! Iftahi! Buɗe, mun kawo Kirsimeti!"

Maigida ya sa takalmi. Har yau ban san inda ya yi niyyar zuwa ba. Ya tsaya a bayan ƙofa da iƙama a hannu, ni kuma, da duk cika bakina, na tsorata. Ba kafili nake tsoro ba. Tsorona kada tsohuwar ta mayar da kwanon a rufe, 'yata ta sami amsar tambayarta.

Can sai muka ji jan silifa. Hajiya ce da kanta, ita da ciwon gwiwa ya hana sauka sai ranar asibiti, yarana suna biye da ita bakinsu cike da dabino. Ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Ya binti, 'yata, shekara uku! Shekara uku ina jin ƙamshin shinkafar nan ta taga, ina cewa yanzu za a ƙwanƙwasa. Wallahi har na ce ko yarinyar nan ba ta da uwar da ta koya mata maƙwabtaka. Mu a Sudan maƙwabtanmu Kiristoci tun safe suke aikowa." Ta juya ga maigida. "Kai kuma, ya waladi, ɗana, halas, ya isa, mayar da katin nan aljihu. Na yi maka kama da ɗan sanda?"

Ta miƙo mini kwanon. Ta juye shinkafar, ta cika shi da dabino da biskit ɗin da take gasawa. Ta ce yaji ya yi kaɗan, baɗi in gyara. Na yi dariya, hawaye na zuba, ban damu na share ba. 'Yata ta wuce ta gabanmu ta yaye labulen taga.

Daga shekarar kwano ɗaya ya zama biyar, kuma maigida ne ke tsayawa a kaina yana lissafa wanda na manta, kamar shi ya ƙirƙiro abin.

Kirsimetinmu ta ƙarshe a Jidda, saura kwana tara mu taso, kwanon ya hau bene bai sauko ba. Ranar tafiya na hau yin ban kwana, na gan shi a kan firjinta, wankakke. Na buɗe baki zan tambaya, Hajiya ta riga ni.

"Ban samu abin da ya isa in zuba miki ba. Yalla, tafi. In kin dawo kya karɓa."

Na bar mata shi. 'Yata ta girma yanzu, kuma duk Disamba ita ce ke fara tambaya gidaje nawa za a kai.