Firigon Madam Filomen

Madam Filomen 'yar Dogondutsi ce, Katolika, tsohuwar malamar makaranta da ke zaune a unguwarmu ta Dagmanet. Kullum da safe takan karanta aya guda a littafin addu'arta, ta rufe, ta ce, "To, karatu ya ƙare, saura aiki."

In azuminmu ya kama, sai ta kwashe abincinta daga firigo, ta cika shi da ledojin ruwa. Da la'asar ta bi gida-gida tana raba ƙanƙara kyauta. Lawali tela kaɗai ke ƙin karɓa. Yakan ce, "Madam, da ƙanƙara za ki saye mu?" Ita kuwa sai ta rataye ledar a ƙofarsa ta wuce.

Bana, kashegarin Sallar Layya, Madam da ko kaza ba ta yanka ba ta rasa inda za ta zuba naman da maƙwabta suka yi ta kawo mata. Da idona na ga Lawali ya zo daga ƙarshe, da cinyar rago a kafaɗa, yana sunkuyar da kai.

Ya ce, "Madam, buɗe firigon nan."

Ta yi dariya ta ce, "Ya cika tun safe, Malam Lawali. Amma shigo, taka nake jira."