Atamfar da Ta Sha Turare

A Gaya ta wancan zamani, in mace ta sayi zane a kasuwa, ciniki bai ƙare ba sai an kai shi gida an gani. Mai tufafi zai naɗe miki shi ya ce je ki nuna. Ki kai wa uwarki ta murza shi a yatsa, maƙwabciya ta ɗaga shi a rana ta taɓe baki. In bai yi ba, ki mayar masa ya musanya miki da wani, muddin bai taɓa ruwa ba, allura kuma ba ta shige shi ba. Haka muka tashi muka tarar, kuma har na yi aure na haihu ina tsammanin haka ake ciniki a duk duniya.

Sana'ata bandar kifi ce a bakin kogi. Ƙanwata, wadda take bi na, tana zaune gidan Innarmu da cikinta na fari, don mijinta ya bi motocin gyaɗa zuwa Dahome yin dako, babu wanda ya san ranar dawowarsa. Yarinya ce mai son kwalliya da tsokana. In na shigo gidan sai ta toshe hanci ta ce warin tarwaɗa ya riga mai shi yin sallama. Ni kuma in ce mata da warin nan ake cika mata akushi, sai ta yi dariya har tana riƙe ciki.

Ita ta ga atamfar, a kantin Nasara da ke kusa da inda jirgin fito yake ƙetarawa Malanville. Shuɗiya ce mai zanen ganye rawaya, kuma babu irinta a kasuwa. Ta dame ni da zancenta safe da yamma, wai ita za ta ɗaura ranar suna ko kuwa ta fita da tabarma a jiki. Na tattara abin da na ajiye tun farkon kamun kifi na sayo mata turmi guda. Ba a kai wa tela ba, domin a wurinmu ba a ɗinka wa mai ciki kayan suna sai ta sauka lafiya. Abin da ta yi mata shi ne abin da kowace mace take yi wa sabon zanen da take ƙauna. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta kifa kwando a kai, ta shimfiɗa atamfar ta sha hayaƙi. Duk ranar da zaman gida ya ishe ta sai ta sake, har ɗakin Inna ya kama ƙamshi.

Ta haihu da sassafe, a tsakiyar bazara. 'Ya mace ce, ta zo da kukanta. Jini ne ya ƙi tsayawa. Unguwarzoma ta yi duk abin da ta sani, aka jiƙa wannan aka shafa wancan, amma kafin hantsi ya yi ƙarfi ƙanwata ta cika, kanta a kan cinyata. Ban yi kuka a lokacin ba. Ji na yi kamar an cika mini kunne da ruwa, ina ganin bakin mutane yana motsi.

Liman ya aiko cewa da zafin nan ba za a wuce azahar ba, a nemo likkafani. Nan ne hankalina ya dawo. An gama karɓar lampo, wato haraji, ba da daɗewa ba, rumbuna sun yi ƙasa, unguwa duk hannu ya bushe. Maƙwabta sun kawo abin da suke da shi, wannan sabulu, waccan itace, amma farin ƙyalle sabo babu mai shi. Guda ɗaya ne a gidanmu, kuma kowa ya san da shi. Likkafanin Inna ne, nata na kanta. Ita ta kaɗi zarensa da hannunta, damina bayan damina, ta kai wa masaƙi, ta ninke ta sa a ƙasan adudunta. Na ga idonta ya nufi wajen adudun. Uwa ta naɗe 'yarta a cikin abin da ta tanadar wa kanta, wannan ban iya tsayawa in gani ba.

Na ce, "Inna, kada ki taɓa shi. Ki ba ni ɗan lokaci, yanzu in komo da hwari."

Na ɗauki atamfar na sa a hammata na fita.

Kasuwa na fara nufa, na tarar da rumfunan masu tufafi wayam. Ba ranar kasuwarmu ba ce, duk sun ɗaure kayansu sun ƙetare kogi cin kasuwar Malanville. Da ɗayansu yana nan, da ko atamfar ba sai na nuna ba, zai yanko mini fari ya ce sai an share makoki. Bai rage mini ba sai kanti, kuma ban ji tsoro ba, don a ganina gaskiya tana hannuna. Zane bai ga ruwa ba, bai ga almakashi ba, har takardar kantin tana manne a jikinsa.

Kantin dogon ɗaki ne mai rufin kwano, da teburi da ya raba mai saye da kaya. Bayan teburin akwai komi, wato ma'aikacin da yake awo yana karɓar kuɗi, wani siririn mutumin kudu mai Hausa da gargada. Nasaran da yake riƙe da kantin yana can ƙuryar ciki, ba a cika ganinsa ba. A bayan komi kuwa, daidai kansa, ga bandir-bandir na farin akoko an jera har sama. Tun da na shiga idona yake kansu.

Na gai da komi, na ajiye atamfar, na ce, "Nan na saye ta. Wadda na saya ma ita ta rasu da sahe, wurin haihuwa. Ba kuɗina nike so ba. Ka musanya mini da akoko, ko bai kai kuɗinta ba na yahe sauran."

Mutumin ya ce Allah ya ji ƙanta. Ya warware atamfar yana duba gefe da gefe, ya ga babu yanka babu tabo. Wallahi na ga alamar yarda a fuskarsa. Ya ce in jira, ba ya da iko sai ya nuna wa mushe, kamar yadda suke kiran Nasaran da Faransanci. Ta ƙofar da ya bari a buɗe na hango Nasaran zaune, da jan wuya da gumi. Bai ko warware ta ba. Ya kai ta hanci, ya yamutsa fuska, ya faɗi wata magana da Faransanci, ya tura ta gefen teburi da bayan hannu.

Komi ya dawo yana kallon ƙasa. Ya ce, "Mushe ya ce an sa ta. Ya ji wari."

Na ce, "Wari? Turare ne! Wa ya taɓa sa turmi ba a yanka ba? Kai ba ka da mata gida? Ba ka san ana turara sabon zane ba?"

Ya ce ya sani, amma dokar kanti ita ce kayan da ya fita ba ya komowa. Da ba ta da ƙamshi, da ya lallaɓa ya mayar da ita cikin 'yan'uwanta ba wanda ya gane. Yanzu kuwa mushe ya ce za ta ɓata sauran, ba mai sayenta a matsayin sabuwa. Dariyar baƙin ciki ta kuɓuce mini. A garin nan kaf babu macen da za ta ƙi zane don ya sha turare, sai dai ma ta gode an rage mata aiki. Amma wanda yake yanke hukuncin bai taɓa shiga ɗakin mace a Gaya ba.

Na ce to ya ba ni bashi. Ya ce bashi sai ma'aikata masu albashi. Na ce ya riƙe atamfar jingina, in kawo kuɗi ranar kasuwa. Ya ce kanti ba ya karɓar jingina, in ya yanki ko kamu ɗaya ba kuɗi, daga albashinsa za a cire, wataƙila ma a kore shi. Na san ba ƙarya yake yi ba, amma a ranar ba ni da sauran tausayin da zan ba wani. Na ɗaga murya. Na ce gawa tana kwance tana jira, ga fari nan jibge kamar za a rufe garin duka, a ce ba za a ba ni na mutum ɗaya ba? Na faɗi maganganun da ban saba faɗa ba, har masu sayen gishiri da kananzir suka ja baya.

Gardin da yake tsaron ƙofa ya matso da jar hularsa. Ɗan garinmu ne, na san uwarsa. Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri ki tahi. In kina da ƙara, sai biro, ohishin kumandan mai mulkin gari."

Na ce, "Kumandan na nan?"

Ya ce ya fita rangadi wajen ƙauyen Bana.

Yau jikokina sukan dawo daga butik da riga, su ga ba ta yi ba, su koma da ɗan rasit suna faɗa suna cewa haƙƙinsu ne. Nakan saurare su kawai. Mu a lokacin ba mu san mai saye yana da wani haƙƙi a kanti ba. Abin da muka sani mutunci ne tsakanin mai saye da mai sayarwa, shi kuwa iyakarsa bakin wannan teburi.

Komi ya ninke atamfar da kyau, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Sai haƙuri, madam." Na karɓa. Har yau in na tuna cewa na karɓa ban jefa masa a fuska ba, raina yakan ɓaci.

Rana ta kusa tsakiya da na kama hanyar gida, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Na biya gidan wani tela ko yana da ragowar fari, aka ce shi ma ya ƙetare. A ƙofar gidanmu maza sun cika inuwar katanga, masu haƙa kabari sun dawo da ƙasa a gwiwa. Suka dubi hammatata, suka ga shuɗi ba fari ba.

A tsakar gida wata maƙwabciya tana jijjiga jaririyar. Na shiga ɗaki. Adudun yana buɗe. An riga an yi wa ƙanwata wanka, tsohuwar da take wankan gawa a unguwarmu tana durƙushe, Inna kuma tana gefenta da saƙin likkafanin nata a hannu. Na ajiye atamfar a bayan ƙofa na durƙusa tare da su.

Muka shimfiɗa, muka ɗora ta, muka fara naɗewa. Sai tsohuwar ta tsaya. Inna gajeriya ce, ƙanwata kuwa ta ɗauko tsawon mahaifinmu. In an ja saƙin ya rufe kai, ƙafafu su fito. In an ja ƙasa, goshi ya bayyana. Tsohuwar ta gwada ta wannan gefe, ta gwada ta wancan, ta ce a hankali, "Bai kai ba."

Daga waje muka ji muryar liman yana tambaya ko an gama.

Inna ta daɗe tana kallon ƙafafun. Sannan ta ce, "A jikina na auna shi." Ta juyo gare ni, idonta a bushe. "Tanƙwara mata gwiwa kaɗan. Ba ta ƙi."

Jikin ya fara sandarewa. Ni na sa hannu biyu na kama gwiwoyin ƙanwata, na danna da ƙarfi har suka lanƙwashe, saƙin ya rufe.